Kwalbar Tudu a Cikin Baƙar Safa

Gonar inabi, bayan Riebeek
Satumba

Ƙanena Niklaas,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma sanyin Rotterdam bai gama da ƙirjin nan naka ba. Mu nan da sauƙi. Baba gwiwoyi ne dai, sai ya dafa bango yake miƙewa, amma bakinsa lafiya lau, bai fasa yi wa kowa gyara ba. Mijina Abram yana gaishe ka. Yara sun ce in tuna maka kana da 'ya'yan yaya, ko ka manta.

Ka san ni da biro ba shiri muke ba, don haka ba gaisuwa ce ta zaunar da ni ba. Maganar kuma ba ta wayar ofishin gona ba ce, inda mutane ke tsaye a kaina suna jin komai.

Tun da tsohon mai gona ya rasu, ɗansa Wynand ya karɓi komai. Yaron ba mugu ba ne, amma ba ya ganin kurangar inabi, nauyi yake gani. Masu sayen inabi a gari a kan sikeli suke biya, tsofaffin kurangun kan tudu kuwa, waɗanda Baba ya dasa da hannunsa tun kafin a haife ni, abin da suke bayarwa bai taka kara ya karya ba. Damina uku ke nan ruwa yana yi mana rowa. Dam ɗinmu ya tsattsage, inabin bana ƙanana ne kamar wake, fatarsu kauri. Wynand ya tara mu a rumfar tarakta ya ce zai tumɓuke tudun ya shuka alkama. Alkama kuwa mutum biyu da inji sun ishe ta. Ka san gidajen da muke ciki na aiki ne, in aiki ya tafi gida ya tafi. Baba kaɗai doka ta bari ya zauna saboda shekarunsa, to shi kaɗai wa zai dafa masa?

Amma akwai ƙofa ɗaya. Bana Wynand bai kai inabin tudu sikeli ba, ya matse shi daban a cikin 'yan ganguna. Ya ce in har ya sami mai saye daga waje da zai riƙa ɗaukar giyar duk shekara, tudu ya tsira, mu ma mun tsira. Ya kira ni gefe ya ce, "Magrieta, ashe ƙaninki ne yake zaɓo wa Turawa giya?" Na ce shi ne. Ya ce ya riga ya aika 'yan kwalabe zuwa shagonku.

Niklaas, ban taɓa roƙonka komai ba, ko lokacin da Mama ta rasu ba ka zo ba ban buɗe baki ba. Yau ina roƙonka. Ka sa su sayi giyar nan.

Yayarka,
Magrieta

Rotterdam
Oktoba

Yaya Magrieta,

Na sami wasiƙarki, na kuma gode Allah da kuke lafiya. Ni ma ƙalau nake, tari ya sake ni tun bazara. Ki shafa wa Baba man nan mai zafi a gwiwa, ki ce masa na ce ya rage masifa ya ga ko ba zai miƙe ba. Yara kuma ki ce ban manta ba, kayan Kirsimeti suna hanya.

Yaya, kin ɗauka ni ne sarkin shagon nan, ina nuna kwalba da yatsa a saya. Ba haka muke aiki ba. Shagon na wata mata ce, Annelies, kuma abin da ya yi mata suna shi ne nemo giya mai kyau wadda talaka zai iya saya ranar Asabar ba tare da ya yi kuka ranar Litinin ba. Mutane suna biyan kuɗin suna da takardar jikin kwalba, mu kuwa abin da ke ciki muke nema. Shi ya sa nake yawo kamar mara gida, yau ina wani ƙauye a Fotugal, gobe ina bayan dutse a Girka, ina neman tsohon da ke da kuranga mai kyau amma babu wanda ya san sunansa.

A ƙarshen Nuwamba muke zaman zaɓen farar giyar da shago zai tsaya a kanta. Kwalabe daga Chile, Hangare, Sifen, ko'ina. Mai kula da sito zai zura kowace kwalba cikin baƙar safa ya ɗaure wuyanta, ya fita. Mu uku ne a tebur, ni da Annelies da wani dogo mai suna Joost. Babu wanda ya san ta wace ƙasa yake sha sai an gama an zaɓa, sannan a cire safa. Kwalaben Wynand sun iso, ɗaya za ta shiga layi kamar kowa.

Kada gabanki ya faɗi. Ke kin manta wanda kike magana da shi? A tudun nan na yi rarrafe. Ko an toshe mini hanci ɗaya zan gane shi: zuma, busasshiyar ciyawa, da ƙamshin ƙasar nan in yayyafi ya taɓa ta da rana. Shekara tara ina ɗanɗana giyar duniya ban ji wadda ta yi kama da shi ba. Da na ji shi zan tsaya a kansa, kuma a farar giya Annelies ba ta ƙetare maganata. Batun fari kuwa kada ya dame ki, kurangar da ta sha wuya ita ke ba da giya mai daɗi, kowa a sana'ar nan ya san haka.

Ki ɗauka an gama. Ki gaya wa Baba ya saki ransa.

Ƙaninki,
Niklaas

Gona
Nuwamba

Ƙanena,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Man ya ɗan yi wa Baba amfani, masifar ce dai ba ta ragu ba.

Kai, ranar da wasiƙarka ta zo! Na karanta har wurin da ka ce an gama, ban ma tsaya ninke ta ba na fita tsakar gidaje ina kiran mutane. Anti Lena maƙwabciyarmu ta fashe da kuka ta rungume ni da hannu duk kullu. Ranar Lahadi fasto ya ambaci sunanka a coci, ni kuwa kaina ya yi girma har hulata ta matse ni. Da yamma aka gasa kifi da burodi a kan garwashi, kowa ya kawo abin da yake da shi. Abram ya sami aiki a tashar jiragen ruwa ta Saldanha har da ɗaki, yana ta jan ƙafa, washegari ya aika ya ce musu ya fasa. Ya ce mutum ba ya barin gida alhali surukinsa ya gyara komai.

To yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Shekaranjiya Wynand ya kawo wa Baba kwalba ɗaya daga gangunan nan, don girmamawa. Baba ya zuba a kofin shayinsa ya kurɓa. Na ce, "Baba, yaya?" Ya ce, "Ita ce. Amma ta sha ƙishi." Ya miƙo mini. Niklaas, ni ba gwanar ɗanɗano ba ce, amma ban ji zumar da kake faɗa ba. Gishiri-gishiri na ji, da wani ɗaci a can ƙarshen harshe kamar ka tauna ɓawon lemo. Ba ta da muni, tana ma sa ka so ka ƙara, amma ba ita ce wadda ka sani ba.

Sai na koma na sake karanta wasiƙarka a nutse, na ga ashe ba a gama komai ba, hancinka kawai ka ba ni jingina. Rabonka da tudun nan tun ana ruwa. Ƙamshin yayyafi kake jira, mu da muka manta kalar yayyafi!

Don Allah ka ajiye girman kai. Ka je wurin mai siton nan ka roƙe shi ya yi wa safar alama, ko da ɗan zare ne. Ko ka sami matar nan ka gaya mata gaskiya, ka ce gidan ubanka ne a cikin kwalbar. In ma ba za ka iya ba, to ka buɗe ranka, ka nemi gishiri da ɗaci. Ban gaya wa kowa tsorona ba, ba ni da fuskar da zan gaya musu.

Magrieta

Gona
Janairu

Niklaas,

Muna nan da rai. Ban san ko kai kana da shi ba, tunda ba ka ga damar sanar da mu ba.

Kayan Kirsimeti sun iso, ko layi ɗaya babu a ciki. Na zazzage kwalin har ƙasa, na duba aljihun rigunan yara. Na kira lambar shagonku daga ofis aka ce ka tafi Fotugal. Fotugal! An fara tsinkar inabi, Wynand kullum sai ya tsayar da mota a ƙofata ya ce, "Magrieta, shiru?" Ni kuma in ce masa Turawa ba sa gaggawa. Anti Lena ta daina tambayata, kallona kawai take yi, wannan ya fi tambayar ciwo.

In labari mai daɗi ne kake ɓoyewa don ka ba mu mamaki, to ka sani ba na son irin wannan wasa. In kuwa ba shi ba ne, ka faɗa mini in san inda zan sa kaina. Haba Niklaas.

Magrieta

Rotterdam
Fabrairu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Abram da yara. Lafiyar jiki ina da ita. Na fara wasiƙar nan ya fi a ƙirga ina yagawa. Yau na ce ko yaya ta fito haka za ta tafi.

Wasiƙarki ta Nuwamba ta daɗe a hanya. Sai bayan zaman da mako guda na same ta a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta ta a tsaye da rigar sanyi a jikina.

Ga yadda aka yi. Mun zauna da safe, kwalabe a jere cikin safa. Muna cikin zagayen farko na ɗaga wani kofi, ƙamshin ya bugi hancina, sai da idona ya kawo ruwa. Zuma, ciyawa, ƙasa mai ɗumi. Na ga Mama tana shanya a bayan gida, na ga Baba da almakashinsa. Na ce a raina, ga ki nan. Na ajiye kofin a hankali don kada su gane.

Aka yi ta zubar da na zubarwa har saura biyu, tawa da wata. Annelies ta riƙe kofin ɗayar tana juya shi, ta ce, "Wannan fa akwai magana a bakinta. Ba ta yi wa kowa murmushi, amma ina son in sake komawa gare ta."

Joost ya ce, "Ni ma ita ta tsaya mini. Kuma na rantse ba za ta yi tsada ba, irin wannan ba mai suna ba ce."

Yaya, tsoro ya kama ni. Na ga wata baƙuwa za ta ƙwace wa Baba tudunsa a gaban idona. Na tashi tsaye na yi mata kaca-kaca. Na ce ramammiya ce, na ce ɗacin nan na ƙarshe zai kori masu saye, na ce gishirinta na kurangar da ta kusa mutuwa ne, wanda ya saye ta bana baɗi ba zai sami komai ba. Duk abin da na koya a shekara tara na tattara na sauke a kanta. Ban taɓa iya magana kamar ranar ba.

Joost ya yi dariya ya ce, "Kai Klaas, me ta yi maka? Budurwarka ta ƙwace?"

Annelies ta dube ni ta ce, "Ka tabbata?" Na ce ko da wuƙa a wuyana. Ta ce, "To, farar giya taka ce." Ta tura kofin gefe.

Aka kira mai sito ya cire safa. Wadda na zaɓa ta wani tsoho ce a arewacin Fotugal, inda ruwa bai taɓa yanke musu ba. Na ce an yi kuskure, an musanya safa. Mai sito ya kama ɗayar ya zare safarta. Rubutun hannun Wynand ne a jikinta, da sunan tudunmu.

Ban san lokacin da na zauna ba. Na gaya wa Annelies komai a wurin, gidaje, Baba, ku duka. Na ce ta ji da kunnenta ita da Joost sun fi son ta tudu, a koma a gyara. Ta ce, "Niklaas, da ka gaya mini tun farko, da na fitar da kai daga ɗakin mun zaɓa mu biyu, kuma ka ji abin da za mu zaɓa. Amma an cire safa. In na canza yanzu don na ga suna, gobe wane manomi zai yarda ya aiko mini da kwalba? Tsohon Fotugal ɗin nan ma uban wani ne." Na so in tsane ta, na kasa.

Ni aka tura Fotugal in ƙulla cinikin. Tsohon ya yanka mini kaza, matarsa ta yi ta sa mini albarka. Na ci don kada su ji kunya, na fita bayan rumbunsu na yi kuka.

Tun da na dawo nake yawo da ragowar kwalaben Wynand shago-shago, Antwerp, Utrecht, duk inda na san mutum. Kowa ya ɗanɗana sai ya ce tana da kyau, amma sun rufe sayayyar bana, in dawo kaka mai zuwa. Mutum ɗaya ya ce zai ɗauki 'yan katan kaɗan, sau ɗaya. Ki roƙi Wynand ya ba ni shekara guda. Ki ce masa na durƙusa.

Ban san yadda za ki gaya wa Baba ba. Ban san yadda zan ce ki yafe mini ba.

Niklaas

Malmesbury, bayan gidan Sanna
Yuni

Ƙanena Niklaas,

Ina gaishe ka. Muna lafiya gwargwado. Ƙaramar 'yata tana tari saboda ɗakin kwano ne kuma sanyi ya shigo, amma an ba ta magani. Ka lura da adireshin da ke sama, nan za ka riƙa rubutowa. Sanna ƙanwar Abram ce, ita ta ba mu fili a bayan gidanta muka kafa ɗaki biyu.

Na daɗe ban amsa maka ba don da na amsa a watan da wasiƙarka ta zo, da na rubuta abin da ba za mu sake duban juna ba. Na zage ka a gaban murhu, na zage ka a bakin famfo. Ban gama hucewa ba, kada ka ɗauka na gama. Amma kai ne ƙanena, ba ni da wani.

Na kai wa Wynand roƙonka. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire hula ya share goshi ya ce, "Magrieta, banki ba ya jiran kaka mai zuwa." Ban gaya masa yadda aka yi ba. Shi da sauran mutane abin da suka sani shi ne giyarmu ta zo ta biyu. Anti Lena ma cewa ta yi, "Ta biyu a duk duniya? Ai mun yi ƙoƙari." Ta koma wurin 'yarta a garin Atlantis. Abram ya koma Saldanha neman aikin nan, an riga an ba wani. Yanzu yana tsayawa bakin titi da safe, in an ɗauke shi aikin yini to, in ba a ɗauka ba ya dawo. Bai taɓa ambatar sunanka da mugun baki ba, ni ce ma nake yi.

A watan jiya aka tumɓuke tudun. Sarƙa suke ɗaurawa a gindin kuranga, tarakta ta ja. Wasu saiwoyin sun fi tsayin mutum, ashe can ƙasa suke bin ruwa duk shekarun nan. Na ce wa Baba ya zauna a ɗaki, ya ce in kai masa kujera bakin gona. Ya zauna tun daga layin farko har na ƙarshe, yana yi wa mai tarakta tsawa wai yana ja a karkace. Da aka gama ya ce in haɗa masa kayansa, ba zai zauna gadin alkama ba. Yana nan tare da mu, gadonsa a jikin ƙofa.

Shi kam ban iya yi masa ƙarya ba. Na karanta masa wasiƙarka duka, ban tsallake ko kalma ba. Na zaci zai yi faɗa, ka san shi. Bai yi ba. Da na zo wurin da ka ce gishirinta na kurangar da ta kusa mutuwa ne, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Yaron ya iya aikinsa." Daga nan bai sake tayar da maganar ba har muka tashi.

Jiya da rana ina wanke masa ƙafafu sai ya ce, "Magrieta, masu sayen nan da suke zuwa gona zamanin tsohon mai gida, na sha ganinsu. Ba sa sha. Su kurɓa, su wasa baki, su tofar a bokiti."

Na ce, "Haka aikinsu yake, Baba, in sun haɗiye duka ai sai a kwashe su."

Ya ce, "Na sani." Na ci gaba da wanki. Can ya ce, "Tamu fa? Da ta shiga bakinsa, ya haɗiye ko kaɗan, ko ita ma tofarwa ya yi?"

Na ce ban sani ba, ba ka rubuta ba. Ya ce to in tambaye ka.

Na tambaye ka. Kada ka aiko mini da amsar in karanta masa, ba zan iya ba. Ka nemi hutu ka zo ka faɗa masa da bakinka, kuma kada ka ce sai kaka mai zuwa. Ya rame ƙwarai, Niklaas.

Yayarka,
Magrieta